Ba a Tsallake Waƙa a Zauren Kawu

Duk ranar Lahadi bayan la'asar ina da jarrabawa a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Mai yi mini ita kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, tsohon ma'aikacin masaƙa. Darasin kuwa faifan waƙa ne guda ɗaya da ya ɗora mini in saurara a cikin makon. Idan mako ya zagayo sai a juya, ni ne malami shi ne ɗalibi. Wanda ya faɗi shi ke sayen balangu.

Wata magana ce da na yi a wajen sunan 'yar ƙanwata ta jawo abin. Ana hira a ƙofar gida na ce ni masoyin Bob Marley ne. Kawu ya ajiye kofin kununsa ya ce, "To madalla. Wace waƙa ce ta buɗe Exodus, wacce kuma ta rufe gefen farko?" Na ce, "Kawu, a waya ai babu gefe." Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Ku yaran yanzu lasar miya kuke yi, tuwon na nan a kwano ba ku taɓa shi ba." Kafin a raba goro mun ƙulla yarjejeniya a gaban shaidu.

Sharaɗin shi ne daga farko har ƙarshe, a jeren da mai faifan ya jera. Ba a tsallakewa, ba a turawa gaba, ba a saurare ana tuƙi ko ana guga ko ana duba saƙo. Kiran salla kaɗai ke da ikon tsayar da waƙa, kuma in an idar sai a koma farkon wadda aka katse. Da azumi ya kama muka ajiye komai sai bayan salla.

Kawu ya zo Kaduna daga wajajen Funtuwa yana saurayi, lokacin da Kakuri ke cika maƙil da ma'aikata in an tashi daga aikin dare. Gidan hayar da ya zauna akwai Tibi, akwai Idoma, akwai Bayarabe mai gyaran injin saƙa, kowa da irin kiɗan da ke fitowa daga ɗakinsa. Ƙarshen wata in an biya albashi yakan ware kuɗin faifai ɗaya kafin ya aika gida. Har yau faya-fayan na nan cikin kwali a ƙarƙashin gadonsa, wasu zafi ya tanƙwara su, garmahon ma ya daɗe da mutuwa. Don haka da waya da wata 'yar sifika muke saurare. Amma ranar jarrabawa sai ya ɗauko kwalin faifan ya riƙe a hannu, yana leƙa bayansa ta saman tabarau yana jefo tambaya.

Shi ya fahimtar da ni abin da ya sa gefe ke da muhimmanci. Babban faifan garmaho, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe. Dole mawaƙi ya zauna ya yi tunanin abin da zai buɗe da shi, da abin da zai bar ka da shi a kunne lokacin da za ka tashi ka juya faifan, da abin da zai tarbe ka da shi a ɗaya gefen. Wayar hannu ta share wannan katangar, ta zuba komai a wuri ɗaya.

Da Exodus muka fara tunda shi ya tayar da ƙurar. Ya fito a 1977, waƙoƙi goma, biyar a kowane gefe, kuma gefen biyu ba su yi kama da juna ba. Na farko nauyi gare shi: zalunci, hisabi, ƙaura. Na biyu soyayya ce da sakin fuska, shi ne wanda ake ji a shagon aski da cikin Keke Napep. A watan Disamba na 1976 'yan bindiga suka kutsa gidan Marley a Kingston suka harbe shi, matarsa Rita da manajansa ma suka samu rauni. Kwana biyu bayan haka ya hau dandamali ya yi wasa, sannan ya bar Jamaika, a Landan aka naɗi faifan. In ka san wannan, ka kuma ratsa gefen farko ba ka gudu ba, sanyin gefe na biyu daban yake shigar ka. Tambayar Kawu ta farko ita ce, "Yaya aka fara?" Na ce kiɗan ba faɗowa yake yi ba, tasowa yake daga nesa a hankali, har sai ka kai hannu za ka ƙara murya. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ka saurara."

Daga nan ya ɗora mini Zombie na Fela Kuti, faifan da ya yi wa sojoji zambo a ciki. Waƙa biyu ce kacal a faifan asali, ɗaya a kowane gefe, kowacce ta haura minti goma sha biyu. Sai an shafe fiye da minti biyar ana kiɗa kafin Fela ya buɗe baki. Jita ce ke buɗewa, ganguna su shigo, sannan ƙahoni su faɗo gaba ɗaya. Kawu ya ce in bar ƙahonin, in bi hannun Tony Allen mai ganga, in ga ko zan iya kama inda yake ajiye bugunsa. Ban kama ba, shi ma na tabbata bai kama ba.

Labarin da ya biyo bayan jarrabawar ya fi jarrabawar tsawo. A watan Fabrairun 1977 aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna cikin bikin al'adun Afirka na FESTAC, Kawu na cikin 'yan kallo, ya ce bai taɓa ganin dawakai da yawa haka ba. 'Yan kwanaki da rufe bikin, ranar 18 ga wata, sojoji wajen dubu suka afka wa gidan Fela da ake kira Kalakuta a Legas suka banka masa wuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Binciken gwamnati ya ce sojojin da ba a san ko su wane ne ba suka yi. A gidan hayarsu Kawu akwai wanda yayansa soja ne, yana yawan zuwa hutu, don haka ƙasa-ƙasa suke saka faifan, an turo ƙofa. Amma kada wani ya ɗauka Kawu mabiyin Fela ne. Duk lokacin da ya yabi kiɗan sai ya biyo da cewa mutumin ya auri mata ashirin da bakwai rana ɗaya a 1978, "alhali huɗu ma da sharaɗi aka ba mu." Ni kuma abin da na ɗauka shi ne tsawon waƙar Fela bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Wanda ya tashi yana jin Shata na jan waƙa ɗaya har tuwo ya nuna ba shi da hujjar ƙorafi.

Da zaɓi ya dawo hannuna na yi mugunta da gangan. Na ba shi Kind of Blue na Miles Davis, kiɗan jaz na 1959, minti arba'in da biyar babu muryar ɗan Adam ko ɗaya. Ran Talata da daddare sai ga kiransa.

"Kai, wannan abin wa ake yi wa?"

"Ba kowa, Kawu."

"To me ƙahon yake cewa?"

"Ba ya cewa komai."

"Ashe asarar iska ce."

Tambayar tasa ba ta wasa ba ce. A wajenmu kayan kiɗa magana suke yi. Kalangu na kiran sunan mutum da takensa, algaita da kakaki na yi wa sarki kirari, wanda ya sani yana iya mayar maka da su baki kalma bayan kalma. Busar da ba ta ce komai ba, ba ta kuma nufi kowa ba, baƙuwa ce a kunnen Kawu. Amma ranar Lahadi ya zo da abin da ni ban ji ba. Ya ce a kiɗan farko, wannan ƙatuwar gogen da ake tsayarwa a ƙasa ana jan tsarkiyarta da yatsa ita ke ba da waƙa, sauran kuma su amsa mata da sauti biyu, ta sake ba su, su sake amsawa. "Ga uban waƙa, ga 'yan amshi. Sun dai ɓoye ne." Na mayar muka sake ji, haka ɗin ne kuwa.

Da ya ci jarrabawar lafiya lau, ba don Hajiya ba. Matarsa ce, tana shigo mana da zoɓo ta ce ai kiɗan ƙarshe bai ji shi ba, munsharinsa har tsakar gida. Kawu ya rantse ido kawai ya rufe. Aka yi ta muhawara a kan ko barci tsallakewa ne, daga ƙarshe aka yanke cewa tsallakewa ne, ya aika yaro wajen mai nama yana ƙunƙuni.

Akwai wani abu game da wannan faifan da ya tsaya mini a rai. An san ranakun da aka naɗe shi, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, a wani ɗakin naɗi a birnin New York. An san sunan kowa: John Coltrane da Cannonball Adderley a ƙaho, Bill Evans a fiyano, Paul Chambers mai waccan ƙatuwar goge, Jimmy Cobb a ganga, har da Wynton Kelly da ya buga fiyano a kiɗa ɗaya tak. Duk wanda ya ɗaga hannu a ɗakin an rubuta shi.

Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, na 1994, shi ne kaɗai ba mu yi gardama a kansa ba. Ali Farka mutumin Niafunke ne a Mali, yana waƙa da Sonrai da Fulatanci da wasu harsunan ƙasarsu, ga ƙwarya ana bugawa, ga 'yar goge mai tsarkiya ɗaya. Kawu ya ce wannan ba baƙo ba ne, maƙwabci ne. Aka ci balangu na haɗin gwiwa.

Bayan shi ne Kawu ya ce yawon duniya ya isa, a dawo gida. A nan gasar ta kusa watsewa.

Na je kasuwa wajen masu tura waƙa na ce a cika mini memori da Shata. Yaron ya cika, ya ƙara mini da Ɗanƙwairo kyauta. Da na buɗe a gida sai na tarar da tsibi: waƙoƙi birjik, yawancinsu lamba ce kawai a madadin suna, wata ta fito sau uku da suna uku, wata ta yanke a tsakiya muryar mai gabatar da shiri a rediyo ta shigo. Akwai wadda in ka kasa kunne za ka ji ƙarar danna maɓallin rakoda a farkonta, can ciki kuma jariri na kuka, wata mata na cewa a miƙo mata zani. Wani bawan Allah ne ya kara rakodarsa a bakin rediyo shekaru aru-aru da suka wuce, daga kaset zuwa kaset, daga kaset zuwa kwamfuta, har ta iso wayata da jaririn a ciki. Ina farko, ina ƙarshe? Wane jere za a bi, tunda sharaɗinmu jeren mai waƙa ne?

Na kai wa Kawu ƙorafi cewa namu ba su da tsari. Ya ce in iya bakina. An buga wasu waƙoƙin Shata da na Ɗanmaraya a faifan garmaho, amma ba don faifai suke waƙa ba. Shata a wajen biki yake yi, a fada, a filin wasa, a gidan rediyo. Waƙa ta mutum ce da ranarta, a tsaye yake ƙirƙirarta yana kallon wanda yake yi wa. Bakandamiyarsa ma ba ɗaya ba ce, in ka ji naɗi biyu za ka tarar ya ƙara wani abu, ya sauke wani, gwargwadon inda rayuwa ta kai shi. Mai faifai yana gama aikinsa ne ya rufe, shi kuwa bai taɓa rufewa ba sai da ya rasu a 1999.

Na yarda da shi a nan, amma ban janye duka ba. Abin da ya ɓace a memorin ba waƙar ba ce, abin da ke kewaye da ita ne. Wace shekara? A wane gari? Su wa ke riƙe da kalangu? Wane ne wannan da ake ta yabo, me ya yi? Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi aiki mai yawa wajen tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, amma wannan aikin yana cikin littattafai, waƙoƙin kuma suna cikin wayoyi, ba su haɗu ba. Yaron da ya tura mini bai san ko ɗaya ba, ni ma da na biya kuɗin haka.

Mafitar da Kawu ya kawo ita ce kowa ya haɗa nasa faifan. Minti arba'in da biyar, daidai gefe ɗaya na kaset mai minti casa'in. Mai zaɓi shi zai jera, kuma dole ya kare jerensa in an tambaye shi.

Nasa na farko ya buɗe da Narambaɗa, ya bi da Musa Ɗanƙwairo, sai Shata, ya rufe da Ɗanmaraya Jos. Ya ce daga fada muka taso, muka bi ta filin biki, muka sauka a tashar mota. Taro ne ke raguwa: daga ƙungiya mai kotso da muryoyi da yawa har zuwa mutum ɗaya riƙe da kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsarkiya ɗaya. Tambayar da ya yi mini ita ce bambancin yaran Shata da yaran Ɗanƙwairo. Yaran Shata amshi ɗaya suke maimaitawa, shi ya tafi duk inda zai tafi ya dawo ya same su a wurin. Na Ɗanƙwairo da na Narambaɗa kuwa karɓa suke yi, maigida ya ɗauko ɗan waƙa, wato baiti, ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya waƙar tare tun a gida. Wato makaɗan fada sun fi kusa da masu faifai fiye da yadda na zata, nasu tsarin a cikin ƙirjin yara yake.

Wannan na amsa. Inda na faɗi shi ne Narambaɗa. Sakkwatancinsa mai kauri ne, naɗin kuma tsoho, ga shi rabin abin da yake faɗa zambo ne da habaici ga abokan hamayyar ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa. Ba ya kama suna. Zai siffanta mutum da wata dabba, ko da tafiyarsa, ko da rawaninsa, 'yan fada su kwashe da dariya don sun san da wa ake. Ni da nake zaune a Kaduna da abin ji a kunne sai dai in ji daɗin muryar in wuce. Kawu ya riƙa tsayar da waƙar, abin da ya haramta mini, yana warware mini ɗa bayan ɗa, yana faɗa mini yadda ya ji dattawan garinsu na fassara su. A waƙar Ɗanƙwairo ta Sardauna ya faɗa mini a shagon da ya fara jin ta a Rediyon Kaduna da wanda ke tsaye kusa da shi. A ta Shata ya ba ni labarin ranar da sanarwar rasuwarsa ta same su a wajen aiki, da yadda aka kai shi Daura aka binne.

Abin da bayan kwalin faifai ke yi wa Miles Davis, shi Kawu ke yi wa waɗannan. Na sayi littafi mai layi na fara rubutawa, yana magana ina bin sa. Ya ce in dai rubutawa zan yi to in rubuta daidai, ya sa na karanto masa, ya gyara mini wurare biyu, a na uku kuma ya ce shi ma yana shakka, in sa alamar tambaya.

Da nawa jeren ya zo na shirya masa tarko. Na fara da gurmin Haruna Uji, na bi da kukumar Garba Sufa, sai na cusa Ali Farka a tsakiya, wata waƙarsa mai 'yar goge, na rufe da Ali Makaho. Ina so in ga ko zai ji ɗinkin. Ya ce kiɗan bai tona ba, sai da mutumin ya buɗe baki ya ji ba Hausa ba ce. Ya kira abin ha'inci, amma ya nemi in bar masa jeren a wayarsa.

Yanzu wata sabuwa ce ta taso. Hajiya ta ce tun da muka fara take dafa mana zoɓo tana ba da shaida, ba ta ji muryar mace ko ɗaya ta fito daga zauren nan ba. Na ce ai ina da niyyar kawo Moussolou na Oumou Sangaré, wanda ta naɗa a Abijan tana da shekara ashirin da ɗaya, tana faɗa da auren dole. Ta ce wannan ma a kawo, amma ita Barmani Choge take nufi, 'yar Funtuwa, garin su Kawu, mai amada da kiɗan ƙwarya, wadda ta rasu a 2013. Kawu ya ce gasar ta mutum biyu ce. Ta ce to mutum biyun su dafa wa kansu zoɓo.

An sasanta a kan cewa ita za ta jera minti arba'in da biyar ɗin, ita za ta yi tambaya, kuma mu duka biyun muna iya faɗuwa. Damuwar Kawu ita ce amada kiɗan cikin gida ne na mata, akwai baitocin da namiji mai furfura kan yi kamar bai ji ba. Ya ja ni gefe ya ce in tura masa a waya ya saurara da abin kunne a ɗakinsa. Hajiya ta jiyo mu daga madafa. Ta ce da sifika za a ji, a tsakar gida, ita da maƙwabtanta biyu suna zaune, kuma ba a tsallakewa.